Soron Ƙasa da Rufin Kwano a Ƙasar Arewa

Wanda ya ratsa Dogon Dutsi, ko ya bi Dallol Mauri wajen Tibiri, zai ga kwano yana walƙiya bisa sababbin gidaje, domin galibin samarin da Allah ya buɗa wa a wurin ci-rani, da zarar sun komo, burinsu na fari shi ne su rushe soron uba su aza bulo da siminti. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma akwai hasara cikinta wadda ba su yi hisabinta ba.

Dalili kuwa shi ne, a tsakiyar bazara, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40, kwano yana ɗaukar zafin rana nan take ya juye shi kan iyali, alhali bangon ƙasa mai kauri yakan shanye zafin sannu a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba, lokacin da mutane ke kwance a tsakar gida. Mai ɗakin kwano ya wajabta wa kansa fanka da kuɗin lantarki, a ƙauyen da wataƙila wayar ma ba ta iso ba; birane kansu sun ɗanɗana duhu a watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar.

Masu sukar soro suna da hujja, kuma adalci ne a saurare su: damina tana cin bango, yaɓe wahala ce ta kowace shekara, azara ta yi tsada tun da giginya ta ƙaranta. Sai dai kowace illa daga cikinsu an san maganinta. Tun 1980 aka fara koya wa magina a Cikal, ƙasar Filinge, rufa ɗaki da tubali zalla, ba itace ko guda. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da tubalin ƙasa wanda inji ya matse, aka kammala shi a 2018, suka kuma mayar da tsohon masallacin, ginin Falke Barmu, gwanin magina na garin Yama, ɗakin karatu. Ƙasar da ta ɗauki masallacin jama'a, lalle za ta ɗauki ɗakin magidanci.

Shawarata ga mai niyyar gini ita ce ya yi harsashi da dutse, wanda Allah ya wadata Arewa da shi, ya ajiye simintinsa don gindin bango da indararo. Ya miƙa tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma, tagogi su dubi kudu da arewa, ya ƙarfafa yaɓen bangon gabas inda hadari ke bugowa, ya dasa dogon yaro ta yamma saboda ranar la'asar. Kuɗin da ya rage ya ishe shi sayen faranti guda na hasken rana, wanda zai kunna fitilar karatun yara bayan Isha'i.