Igiyar aure ba ta goge sunan uba

Maganata yau da mazan da ke zaune a Amurka, Faransa da Beljiyam ce, waɗanda suka zo gida Maraɗi ko Damagaram suka yi aure, suka koma suna jiran amarya ta biyo su. Da yawanku, tun ba a gama cin goron ɗaurin aure ba, kun ba da umarni a sake mata katin ɗan ƙasa da fasfo, a cire sunan ubanta a sa naku. Kuna kiran wannan ƙauna ko wayewa. Ni rami nake kiransa, kuma ita ce ke faɗawa ciki.

A ɗauki misali. Yarinya sunanta A'ishatu, ubanta Musa. A takardar haihuwa an rubuta Aïchatou Moussa, irin rubutun Faransanci. Ta yi karatu a Katsina, takardar makaranta ta fito da Aisha Musa. Ta auri Usman, takardar auren ta ɗauki sunan haihuwa, sabon fasfo kuma ya fito da sunan miji. Mace ɗaya, sunaye uku. Mu da muka san ta ba mu ga abin ruɗani ba. Jami'in biza bai san ta ba, takarda ya sani. Da ya ga ba su dace ba, sai ya ajiye fayil ya nemi ƙarin hujja. Watanni su wuce, wa'adin gwajin likita ya ƙare, a sake biya. Tana ɗakin uwarta, ita ba bazawara ba, ita ba matar gida ba, 'yan unguwa na cewa ai ya yaudare ta. A shirin da nake gabatarwa na karɓi kiran irin waɗannan mata, kuma mafi yawansu sai sun roƙe ni kada in faɗi garinsu.

Daga ina ma muka samo wannan ɗabi'a? A gidan Bahaushe, mace ko faɗin sunan mijinta ba ta yi. Malam take cewa, ko Alhaji, ko baban wane. Yanzu an ɗora mata sunan da kunya ta hana ta furtawa, ana so ta maimaita shi a gaban baƙo. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo, amma har gobe 'yar Shehu ake kiranta. Uwar Muminai A'isha ta zauna a ɗakin Manzon Allah (SAW), ba a daina danganta ta ga mahaifinta Abubakar ba, kuma aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a danganta mutum ga ubansa.

Wani zai ce ai tsarin Nasara ne, kuma ƙasarsu za ta je. To, a Faransa akwai doka tun 23 ga Agusta 1794 da ta hana ɗan ƙasa ɗaukar wani suna ban da wanda ke takardar haihuwarsa. Bafaranshiya na iya amfani da sunan mijinta a hulɗar yau da kullum, amma sunanta na doka bai motsa ba. A lardin Kebek na Kanada, tun 1981 aure ba ya sauya sunan mace. Amurka ma ba ta ce sai sunan mata ya zo ɗaya da na miji za a ba ta biza ba. Takardar aure take nema, da shaidar cewa auren na gaske ne. Mun kwaikwayi abin da masu shi ba su wajabta wa kansu ba.

Laifin bai tsaya kan mazaje ba. Akwai ma'aikatan rajista da ke rubuta suna yadda kunnensu ya ji, yau Hadiza, gobe Hadizatou, ba su ko karanta wa mai takarda abin da suka rubuta. Na'urar filin jirgi kuwa layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo take karantawa, kowanne mai gurbi 44, kuma ba ta san Ousmane da Usman mutum ɗaya ba ne.

Sai kuma 'yan cike takardu na bakin ofis, waɗanda nake ganin sun fi kowa cutarwa. Da an kawo musu matsalar suna, sai su ce a kawo 'yan jikkuna a buga sabuwar takardar haihuwa da za ta dace da fasfo. Garin neman ƙiba ake samo rama. Bambancin harafi ana iya bayaninsa. Takardar jabu kuwa, a dokar shige da fice ta Amurka, tana iya jawo haramcin shiga ƙasar har abada. Fom ɗin DS-260 yana da gurbin da ake tambayar duk sunayen da mutum ya taɓa amfani da su. A rubuta su duka. Wanda ya ce a ɓoye ɗaya, kuɗinki yake so, 'yar'uwa.

Kuma a tuna, aure rai gare shi. In ya mutu, wa zai biya kuɗin cire sunan? In ta sake aure, a buga na huɗu?

Don haka, iyaye, kafin a kai 'yarku ɗaki ku shimfiɗa takardunta a tabarma ku gwada su harafi da harafi. Inda aka samu saɓani, a je kotu a gyara ta hanyar doka, a adana hukuncin. A yi rajistar auren a ma'aikatar magajin gari da sunan da ke takardar haihuwa, a sayi tikitin jirgi da sunan da ke fasfo.

Kai kuma ango, sadaki ka biya, ba ragon suna ka yanka ba. Wanda ya yanka ragon yana nan, kuma shi ya ba ka ita. In kana son ta iso da wuri, ka bar mata sunan ubanta.