Hantsar Saniya da Aikin Zaɓen Iri

Kan nonon saniya ƙaramin abu ne, amma rayuwar ɗan maraƙi a kansa take rataye. Idan ya yi kauri ko tsayi fiye da kima, sabon haihuwa ba ya iya kamawa, sai ya rasa dakashi a sa'o'in farko, alhali dakashin nan ne rigakafinsa. Binciken da aka yi kan shanun Brahman a arewacin Ostareliya ya nuna ana gadon wannan siffa, kuma tana da hannu a mutuwar maruƙa.

A nan ne zaɓen iri ta hanyar ƙwayoyin gado yake da amfani. Sa ba shi da hantsa, don haka a da sai an jira 'ya'yansa mata sun girma sun haihu kafin a san darajarsa. Yanzu daga gashin wutsiya ana iya ƙiyasta abin da zai gadar tun yana maraƙi. An gabatar da dabarar a 2001, Amurka ta fara aiki da ita a hukumance kan shanun madara a 2009.

Nijar na da tushen wannan aiki. Shekaru da dama tashar Tukunus da ke yankin Filinge tana tace irin Azawak, saniyar nama da nono mai jure zafin Sahel. Sai dai gwajin ƙwayoyin gado ba ya aiki sai da bayanan dubban shanu da aka auna aka rubuta. Ya kamata ma'aikatar kiwo, da cibiyar binciken noma ta INRAN, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai su fara da wannan rajista, tare da makiyayan da suka san hantsa mai kyau tun kafin zuwan na'ura.