Garantin mota na intanet ba ya biyo mota zuwa Maradi

Duk mai neman mota ta hannu daga Turai ko Amurka ta intanet zai ci karo da wannan talla: biya kuɗi kaɗan, a tsawaita maka garantin mota na shekara 2 ko 3. Alhaji, Hajiya, a yi hattara.

Galibi wannan ba garantin kamfanin da ya ƙera motar ba ne. Yarjejeniyar gyara ce da wani kamfani daban yake sayarwa. Ba ta ɗaukar taya, batir ko birki, kuma sai an kai motar garejin da suka amince da shi, a ƙasashen da aka rubuta a takardar. To, motar da ta sauka Lome, ta ratso Burkina, ta iso Maradi, wane gareji za ta je? Bakaniken unguwa ba ya cikin lissafinsu.

Can Amurka ma abin ya zama hanyar damfara. A 2023 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ci tarar wasu mutane kusan dala miliyan 300 saboda damun jama'a da kiran waya kan wannan talla.

Kuɗin nan, gara a ba bakanike amintacce ya duba inji da giya kafin a biya dillali.