Manhajar rubutun fim: Gayyar da ke jiran matasanmu

Duk shekara jami'o'inmu da manyan kwalejojin kimiyya da fasaha suna yaye ɗimbin matasa da suka karanci ilimin kwamfuta, ban da waɗanda suka koyi rubuta manhaja da ƙashin kansu. Sai dai da yawansu, ranar da suka je neman aiki aka ce su nuna abin da suka taɓa ginawa wanda jama'a ke amfani da shi, sai ido ya raina fata. Takardar shaida tana nan, amma babu aikin da za a ɗora a kan tebur. A gefe guda kuma ga masana'antar finafinan Hausa, wadda tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 take bunƙasa, har ta kai ga shirye-shirye masu dogon zango irin su Kwana Casa'in da Labarina, masu cin ɗaruruwan shafukan rubutu. A nawa ra'ayin, waɗannan ɓangarori biyu suna buƙatar juna, kuma inda ya fi dacewa su haɗu shi ne buɗaɗɗiyar manhajar rubutun fim, irin wadda ake aiki da ita kai tsaye a intanet.

Ga wanda bai saba da batun ba, buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje asalin rubutun da aka gina ta da shi a fili, tare da lasisin da ya ba kowa damar karantawa da gyarawa da rarrabawa. Richard Stallman ya kafa harsashin wannan tafiya da shirin GNU a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991, ya kuma ƙirƙiri Git a 2005 domin adana tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Dandalin GitHub, wanda aka buɗe a 2008 kuma kamfanin Microsoft ya saya a 2018, shi ne babbar matattarar irin waɗannan ayyuka. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin aikin gayya ne: kowa ya zo da fartanyarsa. Bambancin kawai shi ne a wannan gona duk wanda ya yi noma yana da haƙƙin ɗibar amfani, har ma da wanda bai yi ba.

Shi kuwa rubutun fim yana da ƙa'idoji masu tsauri. Kan kowace fitowa yana nuna ko a ciki ake ko a waje, da wuri, da lokaci. Ana rubuta sunan ɗan wasa da manyan haruffa, maganarsa ta biyo a ƙasa cikin ƙuntataccen layi. An saba buga shi da salon haruffan Courier mai girman 12, ta yadda shafi ɗaya zai yi daidai da kimanin minti ɗaya a allo. Da wannan lissafi ne furodusa yake ƙiyasta kwanakin ɗauka da kuɗin da za a kashe. Manhajar Final Draft, wadda ta yi kaka-gida a Holiwud, ta kuɗi ce, kuma da dala ake biya. Celtx, wadda ta fara a matsayin kyauta, daga baya ta koma ta biyan kuɗin rajista a intanet. Wannan ya sa fitowar tsarin Fountain a 2012, wanda marubucin fim John August da Stu Maschwitz suka jagoranta, ta zama babban sauƙi. A wannan tsari marubuci yana rubutunsa ne tsurarsa, manhaja ita ke gane mene ne kan fitowa, wane ne ɗan wasa, ta tsara shafin. A kan wannan tsari aka gina buɗaɗɗun manhajoji da dama, ciki har da Afterwriting, wadda ake buɗewa a burauza ta mai da rubutu zuwa takardar PDF.

To, ina sabon mai koyo ɗan Kano ko Zariya ko Damagaram zai sa hannu a nan? Amsar tana cikin karin maganar nan da ke cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙa'idar Fountain, layin da ya fara da INT ko EXT shi ne kan fitowa, layin da yake da manyan haruffa zalla kuma sunan ɗan wasa ne. Idan wanda ya rubuta manhajar ya koya mata cewa manyan haruffa su ne A zuwa Z kawai, to da zarar marubucinmu ya rubuta ƊANJUMA ko ƘASIMU, sai ta kasa gane suna ne, ta jefa maganarsa cikin bayanin fitowa, shafi ya dagule. Sunan da ya fara da alamar ɗauri, kamar 'YAR BABA, shi ma yana iya faɗawa wannan rami. Haka kuma salon Courier da ke cikin tsarin PDF tun asali ba ya ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, ballantana ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke amfani da shi. In ba a saka wani salon haruffa mai ɗauke da su ba, sai su fito a matsayin akwati ko su ɓace. Marubucin da ya gaji sai ya watsar da ƙugiya, ɗan wasa ya rasa ko baki ake nufi ko baƙi, ko kafa ko ƙafa.

Injiniyan da ke Amurka ko Turai, komai ƙwarewarsa, da wuya ya ci karo da wannan matsala, domin ba ya rubutu da Hausa. Yaron da ya yi wata shida yana koyon JavaScript kuwa zai iya gano ta cikin yini ɗaya, kuma gyaran sau da yawa bai wuce layuka kaɗan ba, tunda haruffan nan duk suna da gurbinsu a tsarin Unicode. Bayan wannan akwai fassara maɓallai da umarnin manhaja zuwa Hausa, da tabbatar da cewa rubutu ba ya salwanta idan intanet ta yanke ko wuta ta ɗauke, da sa shafin ya zauna daidai a ƙaramar wayar Android. Wanda yake rayuwa da waɗannan matsaloli ya fi kowa cancantar magance su.

Amma fa shiga gayya tana da ladubba, kuma nan ne sababbi da yawa suke tuntuɓe. Abu na farko, a yi amfani da manhajar, a rubuta fitowa biyu ko uku da ita, a ga inda take ciwo. Na biyu, a karanta takardar ƙa'idojin ba da gudummawa da lasisin aikin, a duba yaushe aka shigar da gyara na ƙarshe, domin akwai ayyukan da masu su suka yi watsi da su shekara da shekaru. Na uku, kafin a taɓa komai a rubuta rahoton matsalar a fili: ga abin da na rubuta, ga abin da na zata, ga abin da ya fito. Kyakkyawan rahoto shi kansa gudummawa ne. Daga nan sai a kwafi aikin, a yi gyara ɗaya tak, a haɗa da gwajin da ke tabbatar da shi, a miƙa buƙatar a shigar da shi. Masu kula da aikin galibi 'yan sa kai ne masu nasu hidimomin. Za su iya yin makonni ba su amsa ba, za su iya mayar da gyaran sau uku. Wannan mayarwa ita ce karatun da ba a samu a aji, domin ƙwararre ne yake duba aikinka layi-layi ba tare da ka biya ko kwabo ba.

Wajibi ne kuma a guji gaggawar neman suna. A watan Oktoban 2020, gasar Hacktoberfest, wadda a lokacin take ba da kyautar riga ga masu miƙa gyara, ta jawo ambaliyar gyare-gyaren banza, har sai da masu shirya ta suka sauya dokoki. A 'yan shekarun nan kuma an samu masu kwaso rubutun da ƙirƙirarriyar basira ta yi musu, su miƙa ba tare da sun fahimce shi ba. Wanda ya miƙa abin da ba zai iya kare shi ba ya zubar da mutuncinsa ne a bainar jama'a, kuma tarihin Git ba ya mantuwa.

Na san wasu za su ce, a wannan hali na tsadar rayuwa, ina dalilin matashi ya ƙona data da man janareta a kan aikin da ba a biya? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na cewa kowa ya bar neman abinci. Sai dai awa uku ko huɗu a mako suna haifar da shaidar da duk mai ɗaukar ma'aikata a duniya zai iya buɗewa ya gani da idonsa. Akwai kuma shirye-shirye irin su Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, da Outreachy, masu biyan alawus ga sababbin da aka zaɓa, kuma gudummawar da mutum ya riga ya bayar tana cikin abin da ake dubawa. Wasu kuma za su ce me zai hana mu gina tamu daga tushe? Babu laifi, amma wanda bai taɓa gyara katangar wani ba, da wuya ginin da zai tayar shi kaɗai ya ga damina biyu.

Saboda haka kirana ga malaman sassan ilimin kwamfuta shi ne su amince da gyaran da aka karɓa a buɗaɗɗiyar manhaja a matsayin wani ɓangare na aikin kammala karatu. Marubutan Kannywood da ƙungiyoyinsu su ma su zauna da waɗannan matasa su faɗa musu abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, tun daga jerin 'yan wasan kowace fitowa har zuwa jadawalin wuraren ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan muka zauna jiran wani ya zo daga wata uwa duniya ya koya wa manhaja bambancin ƙasa da kasa, to za mu daɗe muna jira. Allah Ya sa matasanmu su ji, su kuma shiga gayyar tun da sauran rana.