Yaron da ke bayan aji

A firamaren Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, yaro kurma ko mai jinkirin fahimta yakan ƙare a bayan aji, an riga an yanke masa hukunci: daƙiƙi ne. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ba za ta shiga aji ta janyo shi gaba ba. Wannan aikin mataimakin malami ne. Binciken wata masaniya, Carol Dweck, a Amurka ya nuna yaron da aka yaba wa ƙoƙarinsa ya fi jure aiki mai wuya. To, in yaron nan na bayan aji ya rubuta harafi uku daidai cikin goma, a nuna masa ukun, gobe a nemi na huɗu.