Ciwon 'Ya Mace Na Gida Duka Ne

Ku magidanta na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da ku nake. Kun riƙe karin maganar nan da ke cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kun mai da ita mafaka. Uwargida tana zubar da jini wata da watanni, maigida ya ce tsufa ne, ya saɓa fartanya ya tafi gona.

Gaskiya ne, mace in ta ba shekara 40 baya al'adarta takan rikice, wani wata ta zo da wuri, wani wata ta yi nawa, har ta ɗauke gaba ɗaya, galibi tsakanin shekara 45 da 55. Wannan ba ciwo ba ne. Amma fa a cikin wannan rikici ne ciwo ke samun wurin ɓuya.

Abin da aka saba shi ne a aika wa malam tambaya. Malam ya duba Risala ya ce iyakar haila kwana 15, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Malam ya yi aikinsa. To, ku lura, da bakinsa ya ce ciwo. Ina wanda ya tambayi wane irin ciwo? Hukuncin salla daban, sanin abin da ke cikin mahaifa daban, shi kuwa ba a saninsa sai an duba. Mai kemis da ke tsira mata allurar tsai da jini bai duba kome ba, kuɗinku kurum ya duba.

Jinin da ya wuce kwana 7, ko mai jiƙe ƙunzugu kowace sa'a, ko mai zuwa tsakanin haila da haila, ko bayan saduwa da miji, duk na asibiti ne. Haka kuma in tana jiri da haki, watau jini ya yi ƙaranci. Wadda kuwa ta shekara cur ba ta ga haila ba, sa'an nan ta ga ko da ɗigo ne, kada a jira girbi. Sau da yawa ƙari ne a mahaifa, mai magani. Wani lokaci kuwa sankara ce, ta mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda in an same ta da wuri tana warkuwa, in an makara sai jinya. A Nijeriya, in ban da ta nono, babu sankarar da ta fi ta bakin mahaifa kama mata, shi ya sa a 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta. Iyayensu da suka wuce wannan shekaru, dubawa ce tasu.

Kada ku ce nisa. Buhun masara yana fitowa daga Doguwa, ya ratsa dajin Falgore, ya iso Kwanar Dangora, ba wanda ya ce da nisa. Motar da ke ɗaukarsa ita ce ke bi ta babban asibitin Tudun Wada, in kuma abin ya fi ƙarfinsu su tura ta Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. In kunyar likita namiji ce ta hana ta, ku nemi ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti ta fara yi mata bayani, ku kuma zauna a bakin ƙofa har ta fito.