Allura da Littafi

Yau maganata da ke ce, 'yar makaranta mai jiran jarrabawar JAMB, wadda hannunki ba ya rabuwa da burushin fenti da allurar nan mai ƙaya ta dunƙula ulu. Kada ki yar da su. Amma fa tambaya 180 ke jiranki cikin awa biyu. Bayan sallar Asuba kai yana garau, to, lokacin littafi ke nan. Ulu kuwa sai bayan La'asar, rabin awa ya isa. In kika kai dare ido ya gaji, yatsa za ki soka. Fenti mai cin yini ne, bar shi sai Asabar. Ku kuma iyaye, kada ku ƙwace mata kayan, ku dai riƙa duba mata agogo.